Kaki ba kayan yawo ba ne

Wai har yanzu akwai masu kare yaron nan? Tun jiya nake ganin ana cewa an zalunce shi don an dakatar da shi daga kadet, wato ƙungiyar da ke ba yara horo irin na soja. To madalla. Yaro ya tashi daga fareti, maimakon ya wuce gida sai ya faɗa gangamin siyasa da kakinsa, hula a karkace, riga a waje, yana ihu ana ɗaukarsa a waya, amma kwamandan da ya hukunta shi ne mai laifi. Sannunku da adalci.

Jama'a, kakin nan ba nasa ba ne. Aro aka ba shi, ranar da ya bar ƙungiya zai mayar. Ƙa'idar ma ba ɓoyayya ba ce, tun farkon shiga ake karanta musu ita. Ka sa shi ranar fareti, ranar horo, ko wani aikin da shugabanninka suka amince da shi, sai kuma hanyar zuwa da dawowa. Ka sa shi cikakke ko ka bar shi, ban da wandon kaki da rigar ƙwallo. Ba a zuwa taron siyasa ko zanga-zanga da shi. Wanne ne mai wuyar fahimta a nan?

"Ai yaro ne, alfahari yake yi." Na ji. Ni ma ina son in ga matashi ya goge takalmi yana tafiya kai a miƙe. Amma mai kallonsa a titi bai san sunansa ba, soja kawai ya gani. In ya zagi direba, soja ne ya yi zagi. In ya ɗaga tutar jam'iyya, soja ne ya shiga siyasa. Alhali shi ba soja ba ne, ba shi da ikon tsayar da ko keke. A Birtaniya 'yan kadet na sojan ƙasa yara ne 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma ba sa cikin rundunar soja. A Amurka tun 1916 ake da shirin kadet mai suna JROTC a makarantun sakandare, shigarsa ba ya ɗora wa kowa wajibcin aikin soja. Ka ga suna na manya ne aka ɗora a kafaɗar yaro, dole a sa masa iyaka. Birtaniya ma tun 1894 take da dokar da ta hana sa kayan soja ba da izini ba. Izini ne, kuma mai bayarwa yana iya karɓewa.

Abin da ya fi damuna, tsakani da Allah, shi ne ran yaron. A watan Oktoban 2014 an harbe Kofur Nathan Cirillo yana gadi da kakinsa a wurin tunawa da mazan jiya a Ottawa, kwana biyu bayan an banke wasu sojoji biyu da mota a lardin Quebec, ɗaya ya mutu. Bayan haka aka umarci sojojin Kanada su guji fita da kaki in ba aiki suke ba. Manyan sojoji ke nan masu horo. Wanda ya fito farautar soja ba zai tsaya karanta ɗan bajon da aka rubuta kadet a kai ba. Ɗan shekara 14 kuke so ya riƙa yawo da wannan cikin taron da rikici ke iya ɓarkewa?

Masu cewa "ai ba a taɓa yi wa kowa haka ba", ku kwantar da hankalinku, yanzu an fara. Masu cewa hukuncin ya yi tsauri, dakatarwa ce fa, ba kora ba. Zai dawo, kakin yana nan yana jiransa.

Tunda ma maganar kaki ake, iyaye don Allah ku daina yi wa yaran nan guga da goge takalmi. Rabin horon ke nan kuke kwashe musu. Yaro ya zo fareti tsaf, a yaba masa, ashe uwarsa ce ta raba dare tana fama da kari a wando. Wani ko ɗinke maɓalli bai iya ba, amma yana neman a ba shi igiya biyu.