Famfon ƙafa ya fi dacewa da motar da ake kwana a cikinta

Shekara 11 ke nan ina zaune a Agege, kuma har yau ban saba da abu guda ba: ruwa ya kewaye Legas ta ko'ina, amma na sha da na alwala sai ka saya. Shi ya sa na tsoma baki a maganar famfon motar maƙwabcina.

Direba ne, Bakano kamar ni. Yana da Toyota Hiace da ya cire wa kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya kafa ɗan kwanon wanke-wanke, ya ajiye jarka mai lita 25 a ƙarƙashinsa. In ya yi lodin arewa, tafiyar kusan kilomita 1,000, motar ce ɗakinsa. Kan famfon da ke ciki gajere ne, ko buta ba ta shiga ƙarƙashinsa, ga shi ya soma ɗiga. Ran nan ya nuna mini a Facebook irin wanda Turawa ke sa wa motocin yawonsu, mai dogon wuya, yana walƙiya, haɗe da ɗan injin da batir ke juyawa.

"Malam, ga irin wanda nake so."

Na ce, "Alhaji, wuyan kam na yarda. Injin ne ban yarda da shi ba."

Baturen da ke yawo da motarsa a Jamus ko Faransa yana kwana ne a filayen da aka tanada, akwai famfo, akwai wuta, ya cika tankinsa ya yi gaba. Mu kuwa wurin mai garuwa muke saye, jarka jarka, ko a Kano ko a nan. Kan famfo irin na kicin ɗin gida yana iya zubar da lita 8 a minti guda. In injin ya iya ciyar da shi haka, minti uku jarkar ta kusa ƙarewa. Ko ƙaramin inji ne, muddin ka murɗa, ruwa na zuba yayin da kake cuɗa sabulu. Famfon ƙafa kuwa sai ka taka yake bayarwa, ka ɗaga ƙafa ya tsaya, hannuwanka biyu duk suna aiki. Ba ya shan batir, kuma duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson Apapa ya san darajar batir da asuba.

Akwai kuma abin da muka taso da shi. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, abin da bai kai lita ɗaya ba. Buta ce ta koya mana wannan awon tun muna yara, kana zubawa kana jin nauyinta na raguwa a hannunka. Famfon ƙafa ne kaɗai na gani da ke da irin wannan hali.

Inda garuruwan biyu suka bambanta sosai shi ne abin da ke kashe famfon. A Kano hunturu ne da zafin bazara: roba ta bushe, tiyo ya tsage, ƙura ta toshe baki. A Legas danshi ne da iskar teku. Kan famfo mai arhan nan da aka shafa wa ƙyalli, damina ɗaya ko biyu sai ka ga ya yi ƙuraje, tsatsa ta cinye goron da ke ƙasa. Motar Alhaji kuwa duka biyun take sha, don haka na dage sai na tagulla ko farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da ya fi tsada. Da a gida Kano ne, kasuwar Ƙofar Ruwa za mu nufa. A nan kasuwar kayan gini ta Orile muka je, muka riƙe tsohon kan famfon a hannu don kada a ba mu wanda bai dace da hudar kwanon ba.

Bai bar maganar injin ba gaba ɗaya, ya ce in ya samu ƙarin batir zai sake tunani. Amma dogon wuyan ya hau, butarsa na shiga, kuma na sa ya sayi robobin canji guda biyu ya jefa a akwatin gaba saboda hanyar arewa.