Batir Biyu Ma Sai Na Tada Mota

Wata huɗu ke nan da muka baro tsakiyar birni muka dawo bayan gari. Iska mai daɗi, gida mai fili, duk na yarda. Amma wannan dogaro da mota ya ishe ni.

Jiya da daddare batirin rimot ya mutu. A da sai in zura takalmi in sauko ƙasa, kafin minti 5 na dawo. Jiya kuwa sai da na nemo makulli, na buɗe gareji, na yi tuƙin minti 15 zuwa, 15 dawowa. Saboda batir biyu!

Na gwada takawa da ƙafa, ban ji daɗi ba. Hanyar masu tafiya a ƙasa ta ƙare a bakin layinmu kamar an yanke ta da wuƙa. Daga nan sai ka raɓa gefen kwalta, motoci na wucewa, iskarsu na kaɗa maka riga, ga ba fitila. Bas kuma sau ɗaya take zuwa a awa.

Masu tsara unguwar sun ware gidaje gefe guda, shaguna can nesa, ba a yarda a buɗe ko ƙaramin kanti tsakanin gidaje ba. Shin sun tuna da dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda idonta ya hana ta tuƙi? Ko 'yata mai shekara 14, da ba ta iya zuwa wurin ƙawarta sai ta zauna bakin taga tana jiran in taso daga aiki?