Zunubin Gado Ba Izinin Duka Ba Ne

A Kaltungo da Billiri za ka ji wasu iyaye suna cewa tunda an haifi yaro da zunubi, bulala ce kaɗai maganinsa. Rabin koyarwar Littafi Mai Tsarki suka ɗauka, abin kuwa yana damuna. Kafin faɗuwar Adamu a littafin Farawa sura 3, sura 1 aya 27 ta riga ta ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa. Yaron da ya saci biro a aji bai rasa wannan daraja ba, kuma Romawa 3:23 ta haɗa shi da malamin da ke riƙe da dorinar, duka masu zunubi ne. A Afisawa 6:4 manzo Bulus ya hana ubanni tsokanar 'ya'yansu, ya ce su goye su da horon Ubangiji. A zaunar da yaron, a ji dalilinsa, ya mayar wa mai biro kayansa da hannunsa.