Farar Marsandi

Duk wanda ya je bikin ɗiyar Yaya a Ƙofar Guga ya riga ya ji labarin nan, amma daga bakin mata ya ji shi, don haka bari ni ma in faɗi nawa. Ana neman wurin ajiye kayan gara, aka ce a fitar da tarkacen ɗakin soro, aka jawo akwatin ƙarfena na makarantar kwana wanda rabona da buɗe shi tun da na gama sakandare. Kwaɗon ya yi tsatsa, yara suka sa dutse. Ni ina waje ina ciniki da mai kujeru, aka ce Yaya na kira.

Kun san yadda namiji ke shiga tsakar gida ranar biki: kai a ƙasa, sallama a baki, ido na neman hanyar fita. Na tarar an yi tsit, har masu dakan yaji sun jingine taɓare. Ƙanwar amarya, wannan mai gilashin ta aji uku, tana tsaye a kan turmin da aka kife, da takarda a hannunta. Yaya ta ce, "Auta, zauna nan." Da furfurata da komai, har yau Auta nake a gidan nan. Na zauna a kujerar tsugunne kusa da maman yara, wadda ta yi mani wani murmushi da ban gane kansa ba.

Yarinyar ta gyara murya irin ta masu karanta labari a rediyo, ta ce, "Zuwa ga tauraruwar zuciyata, sanyin idanuna, wadda rashinta ke hana ni barci."

Tun kafin ta kai "idanuna" na gane takardar. Tsakiyar littafin Jogirafi ce na yago, har tabon turaren Bintu Sudan da na yayyafa mata yana nan a gefe.

Ga 'yan baya da suka taso da waya a hannu, a 1999 ake magana, shekarar da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama gwamnan Katsina, ina aji biyar. Wayar hannu ta GSM sai 2001 ta shigo ƙasar nan, saboda haka in kana son yarinya, takarda ce da ɗan aike. A lokacin kuma littattafan soyayya na kwararowa daga Kano, na ɗaya, na biyu, na uku, daidai inda labari ya yi daɗi marubuci ya ce mu haɗu a na gaba. Ba kowa ke iya saye ba, haya ake karɓowa a shago, ka biya na kwana ka mayar. Mu maza a baki cewa muke karatun mata ne, amma da an kashe fitilar ɗakin kwana za ka ga bargo na haske ta ciki, tocila ce. Bangon littafin ake yagewa a sa masa rigar littafin Kemistiri. Malaminmu na Hausa in ya kama, sai ya ɗaga shi sama da yatsa biyu ya ce, "A garin da Abubakar Imam ya koyar a Midil kuke karanta wannan shirme?" Sai ya sa a aljihu, kuma ba mu taɓa ganin ya ƙona ko ɗaya ba.

To a cikin ɗaya daga littattafan nan akwai wata wasiƙa da saurayi ya rubuta, wadda ni har yau ina ganin ba a taɓa rubuta irinta ba. Mutum ya riga ya faɗi abin da ke ranka, ya faɗe shi da kyau, mene ne na wahalar da kai? Da aka yi hutu na karɓo littafin haya, na zauna na kwafe ta da rubutuna mai kyau, na sa sunan wadda nake so a sama. Ba sai na faɗi sunan ba, kun san ta, Hajiyar gidan kan kwana. Kuma tana wurin. Tana zaune a bakin ɗakin Inna tana gyaran zogale, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Yarinya ta ci gaba. "Tun ranar da na fara ganinki a bakin makarantarku, abinci ya fita raina."

Inna ta ce, "Wa? Auta? Shi da ke kankare ƙanzon tukunya?"

Aka kwashe da dariya. Na ce a ba ni takardata. Yaya ta ce ai kayan cikin akwatin na gida ne tunda a soron gida suka yi shekara ashirin da wani abu ba kuɗin ajiya.

"Ranar Juma'a da la'asar zan zo da farar Marsandita in ɗauke ki mu je Tiga shan iska, daga nan in nuna miki gidanmu na Nasarawa."

Nan ne tsakar gida ta rikice. Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe da ciki. Matar Kawu ta rangaɗa guɗa. Inna ta ce a gidan nan abin hawa ɗaya ne a lokacin, keken Malam, shi ma ba birki, da diddige ake tsayar da shi. Wata da ban ma san ta ba, daga dangin ango take, ta tambaya ko Tiga ɗin ta Kano ake nufi, aka ce mata ita, ta ce to daga Katsina da la'asar ai sai dai su isa tsakar dare, Marsandin a jirgi za a ɗora ta? Baiwar Allah, kin zo kawo kaya ne ko lissafin hanya?

Na yi ƙoƙarin bayani cewa salon zamanin ne, kowa haka yake rubutawa. Ba wanda ya saurare ni, don yarinyar ta tsaya, ta matso da takardar kusa da gilashinta, ta ce, "Kawu, a sama wani suna ne, amma a nan an ce, ya Zulaihat, ki tausaya mani."

Maman yara ta juyo gaba ɗaya, har da kujerar. "Wace ce kuma Zulaihat?"

Wallahi a wannan lokacin ni kaina ban tuna ba. Na buɗe baki, na rufe. Ina ta lalube a kaina ko akwai wata Zulaihat a unguwarmu, ko a Islamiyya, ko 'yar wani maƙwabci da suka tashi. Shirun da na yi shi ya ƙara ɓata lamarin. Sai daga bakin ɗakin Inna, hannu na cikin zogale, Hajiya ta ce, "Ta cikin littafin ce." Murya a kwance, ba dariya ba komai. "Juya bayan takardar, 'yar nan."

Ashe akwai rubutu a baya, da jan biro. Ni ban taɓa ganinsa ba sai ranar, a gaban mata fiye da arba'in. Yarinya ta karanta: "Shafi na 47. Na riga na karanta. Ka manta ba ka canza suna ba a layi na tara. In kana da na uku ka aiko mani."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana dariya ba. Na dai san tukunyar alkaki ta kusa ƙonewa don mai juyawa ta bar ta. Da abin ya fara lafawa, na yunƙura zan miƙe, sai Gwaggo ta ce, "Mi aka ce?"

Gwaggo! Matar da in ka je gaishe ta sai ka yi ihu sau uku kafin ta amsa. Matar da tun bara nake tuna mata kuɗin buhun gero tana cewa iska ke kaɗawa a kunnenta. Amma a ajiye leda mai tsire a ƙarshen gida, ita za ta fara tambayar wa ya shigo. Ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma ba za a yi dariya a gidan ɗan'uwanta ban da ita ba. Aka sauko da yarinya daga turmi, aka kai ta dab da kunnen Gwaggo, aka sake daga farko, da ƙarfi, har masu kujeru a waje suna ji. Da aka zo kan Marsandi ta ce, "Mi?" aka maimaita. Ta ce, "Wane launi?" Kuma ina kallonta, tun kafin a ce fara bakinta ya riga ya motsa.

Amma ba Gwaggo ce ta fi ƙona mani rai ba. Abokina Dogo ne. Da na fito na zauna a kan babur ina tunani, sai lissafin ya fito mani. Dogo na ba wasiƙar ya kai, na haɗa masa da naira ashirin ladan aike da cingam na yarinya, sannan na ce in ya dawo ya biya ta shago ya mayar mani da littafin. Shi kuma mai hikima, don kada yayyenta su gan shi da takarda, sai ya soke ta a cikin littafin, ya miƙa mata duka. A ina ya soke ta? Inda littafin ya buɗe da kansa, inda na lanƙwasa kusurwa. Wato asali na dama, kwafi na hagu, ba ta ma sha wahalar nema ba. Washegari ya dawo mani da littafin ya ce shago a rufe, ita kuma ta ce za ta yi shawara. Ni da na ga kuɗin haya sun taru na jefa littafin ƙasan akwati, na daina bin layin shagon, nakan zagaya ta Ƙofar Soro in je kasuwa. Wannan shawara na jira ta har aka koma makaranta, na jira ta har muka zana jarrabawar fita. Duk Sallah sai in tsaya inda za ta gan ni wajen kallon hawa, da sabuwar shadda, ina ɗaure fuska irin ta mai Marsandi. Ita kuwa ashe na uku take jira.

Wannan Dogon shi ne fa wanda ya cinye mani gari da ƙuli a aji ɗaya ya ce ɓera ne, ya ari takalmina na ƙwallo ya dawo da ƙafa ɗaya. Shi na yi wa babban aboki ranar aurensa, na sha rana a Daura wajen ɗaurin aure, motarsa ta mutu a hanyar Mashi muka tura. Duk tsawon shekarun nan yana zuwa gidana yana cin tuwona, bai taɓa cewa uffan ba.

Na kira shi a daren. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai karanta bayan takardar ba, amma ya lura tana dariya lokacin da take miƙo masa littafin, shi ya sa ya ɗauka alamar nasara ce. Na ce cingam ɗin fa? Ya ce wane cingam. Na ce to naira ashirin ɗina, tunda aike bai yi kyau ba. Ya ce in kawo shaida.

Yanzu kullum da safe in na turo babur, maman yara sai ta leƙo ta ce wa yara su matsa Alhaji zai fito da Marsandi. Ita kuma mai gilashin ta tafi da littafin, ta karance shi a dare ɗaya duk da gara ta ci ƙarshensa, ta turo mani saƙo a WhatsApp wai ya fi waɗanda suke karantawa a waya daɗi, ko zan samo mata na uku. Na bi ta layin shagon shekaranjiya, cajin waya ake yi a wurin yanzu.