Gawayin da ya ƙi zama ɗan boko

Duk wanda ya bi hanyar Kura bayan kaka ya san tulin buntun shinkafar nan da ke bayan injinan casa. Wani tulin ya fi ɗaki tsayi, in aka cinna masa wuta sai ya kwana uku yana hayaƙi kamar mai fushi da gari. Shekara da shekaru ina wuce shi a kan babur ban taɓa yi masa kallon arziki ba, sai da ɗan yayana ya zo hutu daga jami'a ya hana ni barci.

Yaron nan ilimin sinadarai yake karantawa. Muna zaune a zaure bayan la'asar muna ɓarar gyaɗa, sai ya ɗaga ɓawo ɗaya ya ce, "Baffa, kun san kuɗi kuke zubarwa a bola?" Wai akwai wani irin gawayi da ake kira aktibetad kabon, ni dai na raɗa masa gawayin tacewa don harshena ya huta. Da shi kamfanonin fiya wata ke cire wari da ɗanɗanon kulorin, da shi ake cire launi a wanke sukari ya yi fari, har a asibiti ana ba wanda ya sha guba. A Indiya da Siri Lanka da ƙoƙon kwakwa suke yi su sayar wa duniya, amma ana iya yinsa da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da buntu.

Na ce to me ya raba shi da gawayin mai shayi? Ya ce ƙofofi. Jikinsa cike yake da ƴan ramuka da ido ba ya gani, a nan datti ke maƙalewa. In da za a shimfiɗe cikin ramukan giram 1 na mai kyau, zai kai murabba'in mita 1,000. Giram 7 ke nan ya rufe filin ƙwallo.

Ni da gonata ta gado ba ta kai filin ƙwallo biyu ba, aka ce mini ga fili a cikin cokali. Daga nan ban ƙara jin sauran bayaninsa da kyau ba, lissafi nake yi. Na dai tsinci cewa mataki biyu ne: a fara gasa kayan inda iska ba ta shiga, a zafin digiri 400 zuwa 600, su zama gawayi; sannan a buɗe ƙofofin, ko da tururi a digiri 800 zuwa sama, ko da sinadari. Mataki na biyun nan na ɗauke shi kamar gishirin miya, abin da ake barbaɗawa a ƙarshe.

Yana komawa makaranta na sayi tsohon durom a wajen mai facin taya. Da buntu na fara, tunda kyauta ne, mai injin har godiya ya yi mini da na kwashe buhu huɗu. Na cika durom, na hura wuta a ƙasa, na zauna a kan turmi ina jiran arziki. Buntu ya ƙi ci, ya ƙi mutuwa. Kwana biyu yana turnuƙe gida, kaji suka ƙaura gidan maƙwabta, shanyar uwargida duk ta koma warin ƙauri. Da na zazzage, rabi ɗanye, rabi wata farar toka mai gurzar hannu kamar yashi. Na kira yaron a waya, ya ce ai ya gaya mini, kusan kashi 20 cikin 100 na buntu toka ce, tokar kuma yawancinta silika, dangin yashin rafi. Wai sai an fara narkar da ita da sinadari. Ban tuna ya faɗa ba, amma ban yi musu ba, katina ne ke ƙonewa.

Na koma totuwa. Wannan karon na yi abin da tsari: na huda gindin durom, na cika, na kunna daga sama, da hayaƙi ya tashi daga fari mai kauri ya koma siriri sai na kife murfi na liƙe da taɓo. A nan aka ce a bar shi ya huce da kansa har gobe. To ni Allah bai yi ni da haƙurin jiran tukunya ba. Bayan sallar isha'i na ce bari in ɗan leƙa, leƙe kawai. Ina ɗaga murfi iska ta faɗa ciki, sai ji na yi fuu! Wuta ta yi tsalle ta gaishe da gemuna, ta wuce ta kama dangar kara da ke tsakanina da maƙwabcina.

Kafin in ce innalillahi unguwa ta cika, masu bokiti, masu tulu, wani ma da butar alwala ya zo, Allah ya saka masa. Aka kashe. Maƙwabcina, dattijo ne mai kawaici, ya dubi inda dangarsa take da, ya dubi rabin gemuna, ya ce, "Malam, in gawayi kake so, ai da ka yi magana, akwai buhu guda a ɗakina." Na ce ba irin wannan ba ne, Alhaji, nawa mai ƙofofi ne. Ya ce, "Ga ƙofa nan kuwa ka buɗe mana, babba."

Kara dami shida na biya.

A karo na uku na ɗaure zuciyata, na liƙe durom na tafi kasuwar Bunkure don kada shaiɗan ya sake kai hannuna. Washegari na buɗe, sai ga totuwa baƙa wuluk, ba nauyi, tana ƙara ƙyal-ƙyal in ta haɗu da ƴar'uwarta. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Saura buɗe ƙofofi. Tururin digiri 800 dai ko maƙerin garinmu da zugazuginsa ba zai riƙe mini shi awa guda ba, sinadarin da yaron ya ambata kuma ya ce yana cin fata, kada in kuskura. Amma ya taɓa cewa tokar itace na ɗauke da ɗan'uwan sinadarin, mai sunan fotash. Ruwan toka kuwa wace mace ce ba ta tarar da shi a gidan nan? Na ga hanya.

Ranar da uwargida ta tafi suna, na sauke turminta na daka gawayi lukui, na tankaɗe da rariyarta, na jiƙa a ruwan tokar da ta tsiyaya don miya, na zuba a tukunyar ƙasa na rufe, na tura cikin murhu na yi ta danna itace har la'asar. Na wanke turmi sau uku, na mayar inda yake, har da juya shi yadda ta bari. Da daddare aka kawo tuwo, ga shi nan toka-toka kamar hadarin Agusta. Yara suka zuba mini ido. Ita ba ta ce komai ba, ta dai matso mini da kwanon ta ce, "Ci mana, Malam, an ce yana maganin guba."

Gwaji ya rage. Yaron ya ce gawayin kirki in aka zuba shi a ruwa mai launi aka tace, launin zai bi gawayin, ruwa ya fito garau. A gidanmu kuwa ruwa mai launi ɗaya ne: zoɓon da uwargida ke ƙullawa ta aika makarantar firamare. Na ɗebi jug guda, na tara yara da maƙwabcina a matsayin shaidu, na zuba cokali uku na garin, na motsa, na tace da sabon ɗankwali. Abin da ya sauko ba fari ba ne, ba ja ba ne. Wani kore ne mai duhu, irin na ruwan kududdufi a ƙarshen damina.

Maƙwabcina ya leƙa kofin ya ce, "To, launin dai ya tafi. Wannan da ya zo fa, daga ina?"

Uwargida ce ta ba da amsa daga bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce ko yarinyar da ba ta fara ɗaura zani ba, ta san in kanwa ko toka ta taɓa zoɓo sai ya juye. Da na kira ɗan jami'a, dariya ya yi har waya ta yanke, ya sake kira da kuɗinsa don ya ƙarasa. Ya ce gaskiyarta, ana wanke gawayin ne a yi ta wankewa har tokar ta fita tas. Ya ƙara da cewa ko na dace, kada in ba kowa ruwan rijiya da sunan na tace, gawayin ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma zafin murhuna da wuya ya buɗe ƙofar kirki.

Na wanke sau bakwai, na shanya, na sake gwadawa da zoɓon da na saya da kuɗina, don an kafa mini doka. Ni a idona jan ya ɗan kwanta. Uwargida ta ce ruwan wankin da ya rage a jiki ne ya sirka shi. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Garin ya yi wata guda a zaure cikin bokitin fenti, sai ran nan malamin tsangayar bayan gidanmu ya shigo gaisuwa. Ya murza shi a yatsa, ya shinshina, ya tambaya ko zan ba shi kaɗan. Na gyara zama, na fara yi masa bayanin filin ƙwallo. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi dai ya ga laushinsa, in aka haɗa da ƙaro zai yi tawada mai kama allo. Bayan kwana biyu ya aiko almajiri da naira 500, da saƙon wai in akwai saura a ajiye masa, kuma don Allah na gaba kada a sa toka.