Kifin ambar: su suna karanta gawarsa, mu kuma suna yi mana dariya

A wani gidan tarihi na bakin teku a arewacin Jamus, inda aka rataye ƙasusuwan kifin ambar, mai yi wa baƙi bayani ya nuna bidiyon mutanen Afirka ta Yamma suna yankar wani ƙaton kifi da adduna a bakin ruwa. Aka kwashe da dariya. Abin ya sosa min rai, shi ya sa nake so 'yan uwana na Jos su san dabbar da ake magana a kanta.

Kifi muke ce masa, amma iska yake shaƙa, macen kuma haihuwa take ta shayar. Namiji kan kai mita 16, kansa kaɗai sulusin jikinsa ne. Ƙwaƙwalwarsa kusan kilo 8, babu dabbar da ta kai shi. Haƙora a muƙamuƙin ƙasa suke, kafar numfashi ɗaya ce tak, ta karkata hagu. Cikin kan nan akwai wata tafkekiyar jaka ta mai, har lita 1,900, kuma ta cikinta ƙarar da yake fitarwa ke bi. Ƙarar ta bugi abu ta dawo, da haka yake gano abinci a zurfin mita 1,000 ko fiye, inda babu ko ɗigon haske. Yakan yi wajen minti 45 bai leƙo ba. Abincinsa wata halitta ce mai hannuwa goma da baki mai tauri kamar na aku. Bakin ba ya narkewa, to a hanjin kaɗan daga cikinsu sai wani abu mai kama da kakin zuma ya dunƙule shi. Ambar ɗin da masu turare ke yi wa kirari ke nan.

A farkon 2016 kifayen ambar kusan 30 suka maƙale a gaɓar Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Birtaniya da Jamus, duk samarin maza. Tekun ba shi da zurfi, ƙasansa yashi ne, ƙarar ba ta dawo musu da labarin kirki. Da ruwa ya janye, nauyin jiki ya danne huhu da zuciya. Likitocin dabbobi suka zo da motar ɗaga kaya da dogayen wuƙaƙe. Sai an fara huda ciki a hankali, domin kitse yana riƙe zafi, gawar ta ruɓe da wuri, iska ta taru. A Taiwan a 2004 wani ya fashe a kan titi ana cikin ɗaukarsa. Ana tsaga haƙori a ƙirga layukansa don sanin shekaru. A tumbin waɗanda suka mutu a Jamus an tarar da ragar kamun kifi mai mita 13 da murfin roba na injin mota.

Gaskiya aikin ya burge ni, kuma naman gawar da ta kwana a rana haɗari ne. Amma wa ya rage yawan dabbar? Jiragen ƙasashe masu arziki ne suka kashe dubban ɗaruruwa saboda mai, har aka dakatar da farautar kasuwanci a 1986. Mai adda ya tarar da mushe ne. Kuma kada a ce ba mu iya karanta gawa ba. Tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, mahaucin kwata kuwa da ya ga huhun saniya ya san ko ta ciwu.

Abin da mai bayanin nan bai faɗa ba shi ne, matan da 'ya'yansu a ruwan ɗumi suke zama, har da tekunmu na Gini. Ciki wata 14 zuwa 16, ɗa ɗaya mai mita 4, in uwa ta nutse 'yan uwanta su yi reno. Mazan ne ke barin gida su nufi arewa mai sanyi, su yi shekaru ba su waiwayo ba. Sanyin nan ba irin na Jos ba ne, wanda shayi da rigar gwanjo ɗaya ta Terminus ke magancewa.