Barin ƙungiya ba cin amana ba ne

Ban yarda da mai wani labari ba, da ya ce ɗan wasan da ya bar ƙungiyar da ta rene shi ya ci amana. Ku dubi Harry Kane: ƙwallo 280 ya ci wa Tottenham, ko kofi ɗaya bai ɗaga ba, sai da ya kai shekara 30 ya koma Bayern Munich a 2023, ya ci Bundesliga, wato gasar Jamus, a 2025. Masu kawo misalin Totti, ɗan wasan da bai taɓa barin ƙungiyar Roma ba, ai shi ya ci gasar Italiya da Roma tun 2001. Wallahi abin yana min ciwo, domin ranar da gwiwa ta lalace, ƙungiyar ce ke fara neman wani. Kai mai zagin ɗan wasan da ya bar ƙungiyarsa, shekara nawa za ka iya jira a aikin da ba ci gaba?